Tsadar Maganin Haƙoran Yara Ta Zama Nauyi Ga Magidanta A Gombe

GOMBE: A cikin lissafin da magidanci ke yi duk ƙarshen wata, akwai kuɗin hatsi da na cefane, akwai na haya da na makaranta, akwai na ɗinki idan salla ta ƙarato, amma da wuya a sami wanda ya ware ko sisin kwabo domin haƙorin yaro. Shi wannan kuɗi ba ya sallama kafin ya shigo gida. Yakan faɗo ne da tsakar dare, sa'ad da yaro ya farka yana kuka ya dafe kunci, gari na wayewa kuma a ga fuska ta kumbura, alhali kuwa ciwon ya yi watanni yana cin haƙorin ba wanda ya kula.

Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba na 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Gombe daga cikin Jihar Bauci, garin Gombe yake ta bunƙasa, ga ma'aikatan gwamnati, ga 'yan kasuwa, ga kuma ɗimbin jama'ar da rikicin Borno da Yobe ya koro. Unguwanni irin su Tumfure da Arawa da Kagarawal, waɗanda a da suke bayan gari, sun cika sun batse. Manyan wuraren da jama'a suka dogara da su wajen duba haƙori su ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka, wanda aka kafa a 1996 a matsayin cibiyar lafiya ta tarayya, aka ɗaga darajarsa a 2014, da Asibitin Ƙwararru na jiha, sai kuma wasu asibitoci masu zaman kansu. Ke nan mutumin Nafada ko Dukku ko Balanga, wanda ɗansa ke buƙatar aikin da ya wuce ƙarfin asibitin ƙauye, sai ya haɗa da kuɗin motar mutum biyu zuwa da komowa, tun kafin likita ya ce wa yaron buɗe baki.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara lura da shi shi ne, kuɗin haƙori ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai na yankar kati, akwai na hoton haƙori idan likita ya nema, akwai na aikin kansa, wato ciko ko cirewa ko wankewa, sannan akwai na magunguna. Ban da waɗannan kuma akwai wanda ba a rubuta shi a rasit, wato yinin da uba ya bar shagonsa a Babbar Kasuwa ko rumfarsa a Tudun Hatsi, da kwanakin da yaro ya yi ba ya makaranta bayan an riga an biya kuɗin zango. Ga mai aikin hannu baka hannu ƙwarya, wannan ɓoyayyen kuɗi yakan fi na rasit ɗin ciwo. Haka kuma aikin haƙori ba kasafai yake ƙarewa a zuwa ɗaya ba, musamman idan ruɓewar ta kai ga jijiya. Idan kuwa yaron ƙarami ne ƙwarai, ko tsoro ya hana shi zama a kujera, ko haƙoran da suka lalace suna da yawa, mai yiwuwa ne sai an sa shi barci a ɗakin tiyata, a nan kuma lissafi ya tashi daga na asibitin haƙori ya koma na babban aiki, da gwajin jini da kuɗin gado da na likitan sa barci.

Ko shakka babu, babban abin da ya tayar da farashi a 'yan shekarun nan shi ne faɗuwar darajar Naira. Kusan duk abin da likitan haƙori ke aiki da shi daga waje ake shigo da shi, tun daga kujerar da injin rarake haƙori, har zuwa allurar kashe zafi, da garin ciko, da fim ɗin hoto. Idan dai ba a manta ba, a watan Mayu na 2023 ana canza Dalar Amurka a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin watan Yuni na wannan shekara, ba a kai ƙarshen Fabrairun 2024 ba sai da Dala ta haura Naira 1,500. Alal misali, kayan cikon da ake saye Dala 10, wanda a da ya tsaya wa mai asibiti Naira 4,600, ya koma Naira 15,000, ba tare da kamfanin da ya yi shi ya ƙara ko anini ba.

Shi kuwa albashi bai bi wannan gudu ba. Mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000 da aka amince da shi a 2019 ya yi daidai da Dala 65 a tsohon farashi, amma Naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuli na 2024 bai wuce Dala 47 ba idan aka auna da Naira 1,500. Hauhawar farashi kuma, bisa ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. A irin wannan hali, gidan da abinci ya cinye mafi yawan abin da ake samu ba zai kai yaro duba haƙori yana lafiya lau ba.

Sai kuma wutar lantarki. Asibitin haƙori ba kamar ɗakin likitan zazzaɓi ba ne, inda za a iya duba mutum da hasken taga. Kujerar wuta take buƙata, injin rarakewa iska yake so daga kwamfuresa, fitilar da ke busar da farin ciko wuta ce, haka tukunyar da ke dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta. Gombe na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, kuma a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin wuta ga masu rukunin farko daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kowane ma'auni. A watan Oktoba na shekarar ne kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Janareta shi ne mafita, man fetur kuwa, wanda bai kai Naira 200 lita ba kafin janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Duk wannan a kan majiyyaci yake ƙarewa, domin mai asibiti ba shi da wani wurin da zai ɗora shi.

Gwamnatin tarayya dai ta yi wani yunƙuri a watan Yuni na 2024, lokacin da Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan umurnin ɗage harajin kwastan da na kayan masarufi daga injuna da ɗanyen kayan haɗa magunguna da na'urorin asibiti. To amma an tsara umurnin ne domin masu masana'anta a cikin gida, kuma Nijeriya ba ta yi nisa ba wajen ƙera kayan aikin haƙori, saboda haka sauƙin da zai iso ga kujerar likitan haƙori a Gombe ta wannan hanya ba mai yawa ba ne.

Hatta man goge baki bai tsira ba. A watan Agusta na 2023 kamfanin GlaxoSmithKline, wanda ta hannunsa ake samun Sensodyne da Macleans da Panadol da Augmentin, ya bayyana cewa zai naɗe tabarmarsa a Nijeriya ya bar wa dillalai rarraba kayan. A watan Disamba kuma kamfanin Procter & Gamble, mai Oral-B, ya ce zai daina sarrafa kaya a cikin ƙasar ya koma shigowa da su. Duk wani mai shagon kayan masarufi ya ga abin da ya biyo baya a kan kantarsa.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa Dala laifin duka. Akwai wani kuskuren fahimta da ya yi kanta a cikin gidajenmu, wanda kuma shi ne yake ninka kuɗin. Iyaye da yawa suna ganin haƙoran farko ba abin damuwa ba ne, tun da yaro zai yi famfara wasu su fito. Haƙoran nan guda 20 ne, sukan fara tsirowa wajen wata shida da haihuwa, su kammala kafin shekara uku, kuma turamen cikinsu ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara goma zuwa sha biyu. Ke nan turmin da ya yi kogo a shekara huɗu yana da sauran shekara shida ko fiye na aiki a gabansa. Idan aka cire shi tun lokacinsa bai yi ba, na kusa da shi sukan karkato su cike gurbin, sa'an nan na dindindin ya rasa wurin fitowa ya fito a karkace. Gyaran haƙoran da suka hau juna kuwa, wanda ake yi da waya har tsawon shekara biyu ko fiye, yana daga cikin ayyukan haƙori mafiya tsada, sai mai hali ke iya shi.

Wanda ya fi wannan muni shi ne batun turmin shekara shida. Wannan haƙori na dindindin ne, yakan fito can bayan haƙoran farko ba tare da wani ya faɗi ba, don haka uwa sai ta ɗauka shi ma na famfara ne. Yana da ramuka a samansa inda abinci ke maƙalewa, kuma shi ne ya fi saurin ruɓewa. Idan aka gan shi da wuri, ɗan ciko ne na zama ɗaya. Idan aka bari ya kai jijiya, sai dai ko a yi aikin kashe jijiya a sa masa hula, wanda ya ninka kuɗin ciko sau da yawa, ko a cire shi, yaro ɗan shekara tara ya yi asarar haƙorin da ya kamata ya tauna tuwo da shi har tsufa. Mafi yawan iyalai cirewa suke zaɓa, domin ita ce aljihu ke iya ɗauka a ranar.

Kafin a kai ga asibiti ma, kuɗin yakan zube a hanya. Zangon farko shi ne kemis, inda za a sayi maganin kashe zafi da na ƙwayoyin cuta, zafi ya lafa na mako biyu ko uku, a ce an warke. Kogon kuwa yana nan, domin babu ƙwayar da ke cike ramin haƙori. Daga nan sai kanumfari da gishiri, ko a garzaya wurin mai cire haƙori na bakin kasuwa, wanda kayan aikinsa ba sa ganin tukunyar dafawa, abin da ke iya jawo ciwon hanta da sauran cututtukan da ake ɗauka ta jini. In an haɗa abin da aka kashe a waɗannan zangon, sau da yawa ya isa a yi cikon tun farko. Ruɓar da ta taru a ƙarƙashin haƙori kuma tana iya gangarawa ƙasan muƙamuƙi ta kumbura wuya har ta toshe numfashi, wanda shi kuma aikin gaggawa ne da kwanciya asibiti.

Bai kamata a manta da abin da ya faru a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 ba, lokacin da wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Legas da gurɓataccen sinadari, ya lalata ƙodar jarirai, aka tabbatar da mutuwar yara 84 a sassan ƙasar nan, har da waɗanda aka kwantar a Zariya. Iyayen sun saye shi ne saboda imanin cewa fitar haƙori ciwo ce mai buƙatar magani, alhali zazzaɓi mai zafi da gudawa a wannan lokaci suna da nasu dalilan da ya kamata a bincika.

A can ƙarshen wannan hanya akwai ciwon daude, wanda ake kira noma a asibiti. Yakan fara ne da kumburi da zubar jinin dasashi a bakin yaron da ke fama da tamowa, yawanci mai shekara biyu zuwa shida, cikin 'yan kwanaki ya cinye kunci da leɓe har da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya kashe tara daga cikin goma idan ba a yi magani ba, alhali a matakin farko wanke baki da maganin ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa. Asibitin yara na wannan cuta yana Sakkwato tun 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar ta shigar da cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Duk da cewa aikin kyauta ne a can, daga Gombe zuwa Sakkwato tafiyar yini ce cur, ga kuma jinyar makonni.

Jihar Gombe kuma tana da wata matsala tata ta daban. A yankin Kaltungo da Billiri an daɗe da sanin cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, saboda irin duwatsun wurin. Shi wannan sinadari, kaɗan ɗinsa kariya ne ga haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki, amma idan ya wuce miligiram 1.5 a lita, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, sai haƙoran yaron da ya taso yana shan ruwan su fito da farin tabo ko ja ko ruwan ƙasa. Lahanin yana faruwa ne tun haƙoran suna cikin dasashi, wato kafin shekara takwas, kuma buroshi ba ya goge shi. Tafasa ruwan ba ya rage sinadarin, ƙara shi ma yake yi. Gyaran irin wannan haƙori ana lissafa shi cikin aikin kwalliya, wanda inshora ba ta biya. A nan akwai alhaki a wuyan masu haƙa rijiyar burtsatse da masu kamfanin ruwan leda da masu makarantun kwana, domin gwajin ruwa sau ɗaya bai kai kuɗin gyaran haƙoran yaro guda ba.

To ina inshora? Kididdigar Bankin Duniya da ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci yake fita kai tsaye. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da doka ta 35 ta 1999, ya fara aiki a 2005, kuma ya rufe ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, tsarin da kowa ya san bai yi daidai da girman gidajen Gombe ba. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshora ga kowa. A matakin jiha, gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta kafa hukumar GoHealth, ta kuma gyara cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa daga cikin 114 da jihar ke da su. Amma a tsarin inshorar ƙasa haƙori yana mataki na biyu ne, wato sai asibitin da mutum ya yi rajista ya tura shi, an kuma sami izini, sannan hular haƙori da dashe da aikin kwalliya duk suna waje. Mai kamfanin da zai yi wa ma'aikatansa rajista, da jiha ne ko da kamfanin inshora, ya kamata ya nemi a rubuta masa dalla dalla irin aikin haƙorin yara da za a biya, da sau nawa a shekara, da sunan asibitin da ke cikin garin Gombe, tun kafin ya sa hannu.

Shi kuwa tushen cutar ba ɓoyayye ba ne, sukari ne, musamman yawan maimaita shi cikin yini. Alewa da cingam da gullisuwa da tuwon madara a ƙofar makaranta, zoɓo da ƙanƙara a lokacin tara, shayi mai kauri da dare ba a wanke baki ba. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali tara, wanda ya zarce abin da ya kamata ƙaramin yaro ya sha a yini guda. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi daga 2022, wato Naira uku da sule biyar a kan wannan kwalba, adadin da ba zai hana kowa saye ba. Aswaki yana wanke haƙori sosai idan an iya riƙe shi, amma ƙaramin yaro bai iya ba, kuma abin da likitoci suka dage a kai shi ne man goge baki mai fuloraid sau biyu a yini, kwatankwacin ƙwayar shinkafa ga wanda bai kai shekara uku ba, kwatankwacin ƙwayar wake ƙarama daga uku zuwa shida, babba yana tsaye a kansa.

Matsalar dai ta duniya ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, yara miliyan 514 kuma suna da ruɓewar haƙoran farko. Abin da ya fi shafar wuri irin Gombe shi ne hanyoyin da aka gano masu sauƙin kuɗi. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata dabara a Tanzaniya ta yin ciko da kayan hannu kawai, a kankare ruɓar a cike da wani gari mai suna gilas ayonoma, babu injin, babu wuta, sau da yawa ma babu allura, kuma ma'aikacin haƙori mai matsakaicin horo yana iya yin ta a cibiyar lafiya ta mazaɓa ko a ajin makaranta. Akwai kuma wani ruwa mai haɗin azurfa da fuloraid da ake ɗigawa a kogon haƙorin yaro ya tsayar da ruɓewar, illarsa kawai wurin yakan yi baƙi, abin da ba ya da wani muhimmanci a turmin da zai faɗi. A 2021 Hukumar ta sa waɗannan biyu, tare da man goge baki mai fuloraid, cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Wannan ya zo daidai da wani sauyi a kasuwar kayan ciko. Baƙin cikon amalgam, wanda ya daɗe yana zaman na talaka saboda araharsa da ƙarkonsa, rabinsa zaiba ne, kuma ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Minamata ta 2013, har da Nijeriya, sun amince a 2022 a daina amfani da shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa, sai in likita ya ga babu makawa. Farin cikon da ke maye gurbinsa ya fi tsada, yana buƙatar fitila da wuta da yaron da zai zauna shiru. Dillalan magunguna na Kano da na Gombe, da masu makarantu masu zaman kansu da ke karɓar kuɗin duba lafiya kowane zango, da ita kanta hukumar GoHealth, su ne za su yanke ko gilas ayonoma da ruwan azurfa za su isa cibiyoyin nan 114, ko kuwa yaron Nafada zai ci gaba da jiran kunci ya kumbura kafin a sa shi a mota zuwa hanyar Ashaka.